Abba, maganar ƙafar nan taka

Assalamu alaikum Abba, ya jikin, ya Maman Ummi da yaran?

Na ga takardar sikanin da ka turo a WhatsApp. Wallahi duk shekarun da na yi ina aikin nas a nan Gombe ban taɓa ganin mai ciwon nan da idona ba, haka yake da wuyar samu, sai a 1947 ma wasu likitoci a Ingila suka fara bayaninsa.

Ba sanyi ba ne, ba kuma wani abu ka taka a Tudun Wada ba kamar yadda Gwaggonka ke ta faɗa. Babbar jijiyar jinin da ta bi ta bayan gwiwa, a bangonta na waje wata 'yar jaka ta tsiro cike da ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, ita ke danne hanya jini ba ya sauka sosai, shi ya sa kafin ka kai masallaci sharaɓar ta ɗaure sai ka tsaya, shi ya sa kuma da likita ya ce ka lanƙwasa gwiwa ya nemi bugun jini a ƙafar ya rasa. Ya fi kama maza 'yan 40 zuwa 50, har waɗanda ko sigari ba su sani ba.

Don Allah kar ka bari wanzami ya kafa ƙaho ko ya yi tsaga a wajen, jijiyar jini ce fa ba maruru ba. Sauƙin satin nan ma kar ya ruɗe ka, jakar takan saɓe ta sake cika.

Na ji wai ka fi son a zuƙe da allura, kai dama tun kana yaro tsoron wuƙa gare ka. In an zuƙe ruwan, sau da yawa dawowa yake. In jijiyar ba ta toshe ba jakar kawai za su cire, in ta toshe su yanke wajen su ɗauko wata jijiya a cinyarka su jona. Ka tambayi likitan ko jakar na da 'yar hanya zuwa cikin gaɓar gwiwa, don in ba a ɗaure hanyar ba jakar tana iya komowa.

In ƙafar ta yi sanyi ƙalau ko ta dinga ciwo kana kwance, ko tsakar dare ne ka tafi asibiti.

Kuɗin aiki Babanku ya ce zai sayar da sa ɗaya. Ka faɗa min ranar, zan zo in yi jinya da kaina.

Mamanka