Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyarmu ta masu koyon lissafin kuɗi, Damagaram

'Yan'uwa mambobi, assalamu alaikum.

Bana ƙarfinmu ya tafi ne kan ƙannenmu 'yan shekarar farko a Jami'ar André Salifou, domin a nan aka fi sarewa. Ɗalibi ya saba ganin debi a takardar banki yana nufin an cire masa kuɗi, sai ga malam yana cewa kuɗin da ya shigo akwati a debi ake rubuta shi. Bitar ranakun Asabar kusan duk a kan wannan ta ƙare. Mun daina sa su haddar lambobin asusu na SYSCOHADA, wato tsarin lissafin kuɗi na bai ɗaya da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi. Tambaya biyu muke yi: daga ina kuɗin ya fito, ina ya nufa? Wanda ya iya amsawa, 571 na akwati da 411 na masu sayen kaya za su zauna masa da kansu.

Aikin da ya fi ratsa mu shi ne littafin wani ɗan kasuwar Dole, kawun ɗaya daga cikinmu, wanda ya yarda muka juye cinikinsa na wata guda zuwa rubutu mai ɓangare biyu, wato kowane ciniki a rubuta shi a debi da kiredi. Da dala yake ƙirge, don haka kowane adadi sai an ninka shi sau biyar kafin ya zama sefa. Kuɗin cefanen da yake zara daga akwati ya jawo gardama mai zafi, har aka gane ba kashewar shago ba ne, gurbinsa 104, asusun mai dukiya. Da muka rufe lissafin, ga riba a takarda, akwati kuwa babu komai, duk tana hannun waɗanda yake bi bashi. Ranar nan yara suka fahimci amfanin jadawalin shige da ficen kuɗi, wanda ya maye gurbin tsohon jadawalin da ake kira TAFIRE tun da gyararren tsarin ya fara aiki ran 1 ga Janairun 2018. Muna roƙo a daina raba wa sababbi kwafin darussan da suka girmi wannan gyara, suna ruɗa su ƙwarai.

Horon kwamfuta bai yiwu ba, ɗaukewar wuta lokacin zafi ta ci ranakun da muka ware.

Akwai laifin da yake namu. Wasu sun biya kuɗin ƙungiya ba a ba su rasit ba, abin ya dame mu, muna neman afuwa. Duk wanda abin ya shafa ya ga ma'aji kafin babban taro, a daidaita littafi a gabansa.