Rediyon da Ceausescu ya kasa rufe wa baki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ɗan ba ni fili. Tun da gwamnatin Amurka ta ce za ta janye kuɗin gidajen rediyonta na waje a watan Maris na 2025, duk sanda zancen ya taso a majalisarmu sai wani ya ce ai gara haka, dama duk farfaganda ce. Ni kuwa da na taso ina ganin baba da asuba yana murɗa rediyo a hankali yana lalubar gajeren zango, ya ɗaura wa eriya waya ya maƙala a ƙarfen taga, ba na iya yanke hukunci da sauri haka, kuma mutanen Romaniya ne ke faɗo min a rai.

Zamanin kwaminisanci a can, musamman mulkin Nicolae Ceausescu, 'yan ƙasar da suka yi gudun hijira su ne ke riƙe da sashen Romaniyanci na Radio Free Europe a birnin Munich na Jamus, a gida ana ce mata Europa Libera. Eh gaskiya ne, CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ce ta riƙa ba da kuɗin a ɓoye har farkon shekarun 1970, wannan ba abun musu bane, masu cewa farfaganda suna da abun kamawa. Amma a tambayi kai, me ya sa mutum zai rufe ƙofa da taga ya rage murya ya kara kunne a jikin akwati, alhali ya san maƙwabcinsa ma zai iya kai rahotonsa wajen Securitate, wato 'yan sandan ciki? Ba dan son Amurka bane wallahi. Labarin unguwarsa yake nema, tunda talabijin ɗin gwamnati daga 1985 awa biyu kacal take yi a rana, shi ma rabi yabon shugaba da matarsa Elena ne, ga layin burodi ga layin man girki ga ɗauke wuta cikin hunturu wai ana biyan bashin waje, amma ba wanda zai faɗa a iska.

Abun da zai ba ka mamaki, ranar 4 ga Maris 1977 da girgizar ƙasa ta kashe sama da mutum 1,500, yawancinsu a Bukares, Ceausescu yana nan Najeriya ya kawo ziyara. Jami'ansa suka yi ta inda-inda suna jiran umarnin maigida, su kuwa na Munich ƙarƙashin shugaban sashen, Noel Bernard, suka buɗe tasha suna ta bayani suna isar da saƙonnin masu cigiyar 'yan uwa. Wanda ya ji labarin ɗan uwansa ta wannan hanya ai ba ka isa ka raba shi da tashar ba.

Sannan wasiƙu. Mutanen cikin ƙasa ne ke rubutawa a ɓoye su ba baƙo ko matafiyi ya fita da ita, bayan kwanaki sai su ji ana karantawa ƙasa duk tana ji. Wata malamar jami'a a Cluj, Doina Cornea, haka ta yi tun 1982, aka kore ta daga aiki, daga baya aka yi mata ɗaurin talala a gida. Har keken rubutu sai da gwamnati ta ce a 1983 kowa ya kai nasa wajen 'yan sanda a yi rajista, kai jama'a.

In da surutun banza suke yi da ba a bi su har ƙasar wani ba. Monica Lovinescu da ke shirin adabi daga Paris, wasu ƙarti biyu suka tare ta a ƙofar gidanta a 1977 suka yi mata dukan kawo wuƙa har ta suma. Ranar 21 ga Fabrairu 1981 aka tada bam a hedkwatar tashar a Munich, aikin ƙungiyar ɗan ta'addan nan Carlos ne, a shekarar kuma aka sossoki wani ma'aikacin tashar, Emil Georgescu, da wuƙa, Allah ya yi da sauran kwana. Vlad Georgescu da ya shugabanci sashen ya sa aka karanta littafin Janar Pacepa, babban jami'in leƙen asirin da ya tsere a 1978, sai ciwon daji a ƙwaƙwalwa ya kashe Vlad ɗin a 1988, har yau wasu na zargin da hannun Securitate a ciki duk da ba a tabbatar ba.

Da aka buɗe wa mutane wuta a Timisoara a Disamban 1989, ta irin waɗannan tashoshi sauran garuruwa suka ji, kafin ƙarshen wata an harbe Ceausescu da matarsa ranar Kirsimeti.

Mu ma nan mun ga Radio Kudirat, tashar 'yan adawa da ke watsa shiri daga waje lokacin Abacha, yaran yanzu ko sunan ba su sani ba. Ina roƙon jaridarku ta nemo waɗanda suka yi aikinta da waɗanda suka saurara a ɓoye, a yi hira da su tun suna raye.

Naku,
Wani mai sauraron rediyo daga Zariya