Hamma, Awa Bakwai Ne Yanzu Tsakaninmu

Assalamu alaikum Hamma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da su Adda da yara duka. Ya aikin kaka, ya sanyi? Ni lafiya lau, alhamdulillahi.

Adda ta faɗa mini maganar da ke yawo a gida, wai na daina ɗaukar waya, wai na shiga Amurka na fi ƙarfin mutane. Hamma, wallahi maganar nan ta hana ni barci. Har Inna aka kai wa? Don Allah ka zaunar da ita ka yi mata bayani. Ranar Lahadin farko ta Nuwamba aka mayar da agogon nan baya da awa ɗaya, haka suke yi duk shekara, sai Maris su dawo da shi. Da awa shida ne tsakaninmu, yanzu bakwai. In Baffa ya kira ni ƙarfe 10 na hantsi a Dadin Kowa, nan ƙarfe 3 na dare ne, ban daɗe da kwanciya ba, don sai sha biyun dare muke tashi daga aiki. A riƙa kira bayan isha'i. Ƙarfe 8 naku shi ne ƙarfe 1 na rana a nan, ina ɗaki ban fita ba.

Ko a cikin jihar Kansas ɗin agogon ba ɗaya ba ne. Daga Garden City inda nake, in ka yi tafiyar kamar awa guda yamma zuwa wani ƙaramin gari, Syracuse, sai ka tarar suna bayanmu da awa ɗaya.

Ka tambaye ni yadda garin yake. Garin manoma ne da shanu, kamar namu. Dawa da masara da alkama har iya ganinka, ƙasar shimfiɗe, babu dutse ko ɗaya. Dawar ma shanu suke ba, ran da na ji haka sai da na tuna rumbunmu. Mu muna da dam da kogin Gongola, su daga ƙarƙashin ƙasa suke jawo ruwa, wani dogon bututu mai tayoyi yana zagaya gonar shi kaɗai yana ban ruwa. Shanun ba a kai su kiwo, a killace suke dubbai, in iska ta juyo har ɗaki warin yake shigowa. Amma garin shiru, Hamma. Babu majalisa, babu mai shayi, babu kiran salla, waya ce ke gaya mini lokaci. Kowa daga mota sai gida. Juma'a muna yi da 'yan Somaliya, mutanen kirki ne. Ranar da na tuna ƙamshin soyayyen kifin bakin dam sai na rasa abin da ke mini daɗi.

Aikin yankan nama ne, da ɗan sanyi a ciki, hannu kan yi tsami, amma ba wani abu ba ne. Kada ka faɗa wa Inna. A layinmu ni suke ba sababbi in koya musu.

Na turo dubu 400 ta asusunka. Dubu 150 na taki da man injin ban ruwa, kada noman rani ya wuce mu kamar bara. Dubu 100 maganin Inna da cefanenta. Sauran kuɗin makarantar Auta, ka je da ƙafarka ka biya ka karɓo rasit, kada ka ba shi a hannu. Na ji ya koma kwana a gidan kallon ƙwallo. Ka ja masa kunne, ba don haka nake tsayuwar awa takwas ba.

Na san ya kamata a ce ina nan lokacin da Inna ta kwanta, kai kaɗai na bari da ɗawainiya. Ka yafe mini.

Kuɗin takin nan kada a ranta wa kowa, ko Baffa ne. Na Auta kuma a hannun makaranta. Ranar Asabar bayan isha'i ka kai wa Inna wayar, zan jira.

Ƙaninka.