Amsa ga ɗana da ya tambaye ni a rediyo kan yajin aikinmu

Assalamu alaikum ɗana,

Ranar Asabar da aka gayyace ni gidan rediyo nan Bauchi kan maganar yajin aikin ma'aikatan lafiya, kai ne na ƙarshe da ya bugo waya, kuma tun kafin ka gama sallama na gane muryarka duk da baka faɗi suna ba. Kace min, Goggo, in kun rufe asibiti gwamnati kuke hukuntawa ko mu talakawa, kuma akan me za a biya ku kuɗin aikin da baku yi ba? Ka bada labarin daren da ciwon suga ya taso wa Ummanka kuka kaita asibitin gwamnati maigadi yace muku ana yajin aiki, kuka ƙare a asibitin kuɗi har sai da ka saida mashin ɗinka. Ina buɗe baki zan amsa mai gabatarwa yace lokaci ya ƙare. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Toh tunda a gaban jama'a ka tambaya bari in amsa maka a gaban jama'a.

Farko dai bazan yi maka musu ba, talaka ne yake shan wuya. Shekarata 27 ina aikin jinya, na gani da idona. Akwai wani yajin aiki da har in mutu bazan manta ba, ranar da aka ce a sallami marasa lafiya kowa ya kama gabansa. Wani dattijo daga wajen Ningi, matarsa na kwance ana mata ƙarin ruwa, ya riƙe ƙarfen gadon yana kallona ina zare mata allurar daga hannu, sai yace min 'yata to yanzu ina zamu nufa? Ya kwance bakin rawaninsa ya nuna min abun da ya rage masa, ko kuɗin motar komawa bai cika ba. Na rubuta masa yadda zata sha magungunan a bayan kati, na sa masa lambar wayata, na cika masa kuɗin mota, na shiga ɗakin canza kaya nayi kuka mai isata. Saboda haka in kace min akwai zafi, na san zafin, kuma ina baka haƙuri kan abun da ya sami Umma, da zuciya ɗaya.

Amma ɗana abun da nake so ka duba shine, kafin a kai ga wannan ranar me ya faru? Ku a waje ranar da aka rufe get kawai kuke gani. Mu mun san yajin aiki baya faɗowa daga sama. Ƙungiya zata rubuta wasiƙa, shiru. Ta sake rubutawa, shiru. A bada wa'adin kwana 21, a yi kunnen uwar shegu, a ƙara 14, a ƙara 7, babu wanda zai ko ɗaga waya ya ce ku zo mu zauna, sai ana gobe za a fara sannan kaji an kira taro a Abuja da tsakar dare an jera 'yan jarida ana cewa a duba halin da talakawa zasu shiga. To watannin nan da takarda take kwance akan tebur ina tausayin talakan yake? Ka tuna cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, komai ya ninka, ma'aikaci yana nan da mafi ƙarancin albashi na 30,000 ɗin da aka sa hannu tun 2019. Sai da manyan ƙungiyoyin ƙwadago NLC da TUC suka sa ranar 3 ga Oktoba zasu tsaida ƙasa, ana gobe, ranar 2 ga wata, sannan aka sa hannu kan ƙarin 35,000 na wucin gadi ga ma'aikatan tarayya. Maganar sabon albashi kuma aka yi ta ja, gwamnati ta fara tayi daga 48,000 ta lallaɓo zuwa 60,000 ta tsaya, sai da aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya aka rufe filayen jirgi ranar 3 ga Yuni 2024, a watan Yuli aka sa hannu kan 70,000. Yanzu in kai ne shugaban ƙungiya wane darasi zaka ɗauka? Gwamnati ce da kanta ta koya wa ma'aikata cewa wasiƙa bata aiki, zama baya aiki, rufe ƙofa kaɗai take ji. Wannan shine abun da yake ci min rai, domin kowane yajin aiki da ya ci nasara yana ƙara tabbatar wa na baya cewa hanyar kenan.

Kuma in an fara, maimakon a tambayi me ya kawo wannan, sai a ɗauko bulala. A watan Agusta 2014, Ebola na cikin Legas, gwamnatin Jonathan ta sanar da korar likitoci masu neman ƙwarewa kusan 16,000 ta dakatar da shirin horar dasu gaba ɗaya, daga baya dole ta janye don babu wanda zai riƙe asibitocin. A Mayun 2021 a Kaduna, gwamna El-Rufa'i ya ce ana neman shugaban NLC na lokacin Ayuba Wabba ruwa a jallo, ya bada umarnin a kori nas-nas 'yan ƙasa da mataki na 14 da suka shiga yajin. 'Yan uwana ne waɗannan, aikinmu ɗaya, shi yasa abun ya tsaya min. Kafin su Babangida ya haramta ƙungiyar malaman jami'a ASUU a 1988, Abacha ya kulle Frank Kokori na ƙungiyar ma'aikatan mai a 1994. Babanmu Allah ya jiƙansa a reluwe yayi aiki, tun muna yara yake bamu labarin da ya ji wajen manyansa na Michael Imoudu, shugaban ƙungiyar ma'aikatan reluwe, da yajin aikin 1945 da ya shafe kwana 44 kan tsadar rayuwa bayan yaƙin duniya, yace Turawa ma sai da suka gama barazana sannan suka sauko. Kaga ba maganar jam'iyya bace, soja da farar hula, PDP da APC, duk wanda ya hau kujerar nan sai ya ɗauki mai yajin aiki a matsayin ɗan tawaye, a dake ka kuma a hana ka kuka.

Kada ka ɗauka ban taɓa zama a inda kake zaune ba. A 2022 autata tana jami'a, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba tana gida saboda yajin aikin ASUU, wata takwas cif. Kuɗin hayar ɗakin da na biya mata ya ƙone a banza, yarinya ta rame don tunani, ni kaina akwai ranar da na zagi malaman nan a zuciyata. Ka shiga Yalwa unguwar jami'a a lokacin kaga yadda masu abinci da masu hoton takardu da 'yan acaɓa suka koma zaman kashe wando. Amma da na huce na duba, akan me suke faɗa? Yarjejeniyar 2009 ce fa, wadda gwamnati ta sa wa hannu da kanta, akanta aka yi na 2013, akanta aka yi na 2020, kwamiti bayan kwamiti, kullum gafara sa bamu ga ƙaho ba. Ministan ilimi na lokacin Malam Adamu Adamu ɗan jiharmu ne, mutumin Azare, kuma kafin ya hau yana rubutu a jarida yana kare malaman nan, amma a hannunsa aka yi wata takwas ɗin. Ministan ƙwadago na lokacin Ngige ya kai su kotun ma'aikata, kotu ta ce su koma aji a watan Satumba, sannan aka yi wa wasu sababbin ƙungiyoyi biyu rajista, CONUA da NAMDA, kowa ya san don a raba kansu ne. Ƙarfin da aka kashe wajen karya ƙungiyar da an kashe rabinsa wajen cika alkawari da 'yata bata yi asarar shekara ba.

Toh yanzu tambayarka ta biyu, akan me za a biya mu. Dokar ba aiki ba albashi tana nan, sashe na 43 na dokar rikicin ma'aikata, ban ce babu ita ba. An yi amfani da ita kan ma'aikatan lafiya na tarayya a 2018, albashin Afrilu da Mayu aka riƙe bayan yajin haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu JOHESU, an yi amfani da ita kan ASUU a 2022, sai a ƙarshen 2023 Tinubu ya amince a saki wata huɗu cikin takwas, alhali malaman sun koma sun koyar da zangon da aka rasa sun yi jarrabawa sun yaye ɗalibai. Ni abun da nake tambaya, ina ɗaya gefen dokar? A 2015 jihohi da yawa ma'aikata na binsu albashin watanni har sai da gwamnatin Buhari ta basu kuɗin ceto, ka taɓa jin an riƙe albashin gwamna ko kwamishina ɗaya saboda haka? Mutum yayi aiki wata biyar ba a biya shi ba ace yayi haƙuri, ya zauna gida sati biyu ace ya karya doka. Tsofaffi suna mutuwa suna jiran garatuti. Annabi (SAW) yace a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Wallahi in za a yi doka mai kaifi biyu, wadda zata kama ni in na ƙi aiki ta kama wanda ya sa hannu a yarjejeniya ya ƙi cikawa, ni ce zan fara goyon bayanta ko da albashina zai tafi.

Kuma ba kullum akan kuɗin aljihunmu bane, duk da bana jin kunyar neman haƙƙina. Na taɓa karɓar haihuwa ƙarfe biyun dare wuta ta ɗauke janareto babu mai, wayata a baki na cije ta ina haska fitila hannuwana biyu suna aiki, mijin matar na tura shi yana zaga gari yana buga ƙofar kemis don safar hannu da zaren ɗinki. Wannan ranar ba yajin aiki ake ba, asibiti a buɗe yake. Kai ɗan Bauchi ne ka san yadda zazzaɓin Lassa yake zuwar mana duk rani, a da shekara da shekaru alawus ɗin haɗari naira 5,000 ne a wata, da shi muka shiga korona. A 2001 a Abuja ɗin nan shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, mu da aka yi taron a gidanmu ko rabi ba a kaiwa. A 2017 shugaban ƙasa Buhari ya shafe sama da kwana 100 a Landan yana jinya. Wanda in ya yi zazzaɓi jirgi zai hau, rufe asibitinmu bai taɓa jikinsa ba, shi yasa yake iya barin yajin aiki ya yi wata da watanni yana jiran jama'a su gaji su juya mana baya. Kuma dabarar tana ci, gashi kai da ni muna wa juna kallon abokan gaba, wanda ya haɗa abun yana gefe.

Amma in ɓera da sata daddawa ma da wari, mu ma muna da namu laifin kuma bazan ɓoye maka ba. Bai kamata a rufe ɓangaren gaggawa da ɗakin haihuwa ba ko me ake ciki. Na tashi na faɗi haka a taron ƙungiya ba sau ɗaya ba, har aka kira ni 'yar gwamnati, wasu suka ce in an bar ƙofa ɗaya a buɗe gwamnati zata miƙe ƙafa ne tace ai aiki na tafiya, kuma gaskiya an sha ganin hakan, amma duk da haka ban canza ra'ayi ba, ran Ummanka ba abun ciniki bane. Akwai kuma waɗanda yajin aiki kasuwa ce a wajensu, suna tura mutane asibitocinsu na kuɗi, Allah na kallonsu. Akwai shugabannin ƙungiya da in sun shiga ɗaki da manya sai su fito da wata murya daban. Duk wannan gaskiya ne.

Abun da ya fi bani tsoro ɗana shine yajin aikin da ba a sanarwa. Yaran da na koya wa sa allura da hannuna biyar sun tafi, uku Saudiyya biyu Ingila, babu wa'adi babu taron 'yan jarida, takardar ajiye aiki kawai. A 2019 Ngige ya fito a talabijin yace muna da likitoci har sun yi yawa mai son tafiya ya tafi, a 2023 kuma aka kawo ƙuduri a majalisar wakilai a tilasta wa sababbin likitoci aikin shekara biyar kafin a basu cikakken lasisi. Yau a raina su gobe a nemi ɗaure su, ba a taɓa zama an ce me zamu yi su so zama ba. Mai yajin aiki ko ba komai yana da niyyar dawowa, yana faɗa ne saboda har yanzu bai cire rai ba. Yanzu dutin dare ni da yarinya ɗaya muke riƙe ɗakin da a da mu huɗu ne, ranar da muka gaji ko muka yi ritaya babu get ɗin da za a rufe, zaku shigo ne ku tarar babu kowa.

Saboda haka fushinka ka riƙe shi, ka cancanci yinsa, ka ci gaba da tambayarmu don dole mu amsa. Roƙona kawai, duk ranar da kaji ƙungiya ta bada wa'adin kwana 21, a ranar zaka bugo rediyo, ka tambayi kwamishina da ɗan majalisarku me suka yi da takardar, tun asibiti yana buɗe, kada ka bari sai an rufe.

Ka gaida min Umma da jiki. Kace mata kar ta yarda ta taka ƙasa babu takalmi, kuma kar a sa wa ƙafar nan komai na gargajiya, in sha Allahu ranar Juma'a bayan la'asar zan shigo da na'urar gwajin suga da kayan wankin ciwo in duba mata.

Goggonka.