A binciki moto kafin a saya wa motar rimot sabo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu domin masu ƙananan motocin rimot na wasan zamiya, wato dirif, irin su Yokomo YD-2 da MST RMX da Tamiya TT-02D, waɗanda girmansu kashi ɗaya ne cikin 10 na motar gaske. Wasan daga Japan ya fito, kayansa ma odarsu ake yi daga waje, don haka kuɗin moto ɗaya, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ƙafafun motar, ba na zubarwa ba ne. Amma da mota ta rage ƙarfi sai a ce moto ya mutu, a sayo wani. Sau da yawa ba shi da laifi. In kuwa da gaske ya mutu, abin da ya kashe shi yana nan cikin motar yana jiran sabon.

Da batir ake farawa. Batirin LiPo mai sel biyu yana nuna 8.4V in ya cika, sai dai wanda ya gaji ma yakan nuna hakan a ajiye, da an ba mota wuta sai ya faɗi, ESC, wato na’urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa moto, ya yanke. A ari wani batir a gwada. In ba a ga canji ba, a cire ƙaramar giyar da ke kan sandar moto, a tura motar da hannu a kan tebur. In tana cijewa, matsalar tana ƙafa: boris ya ci ƙura, ko gashi da zaren kafet sun nannaɗe aksul. Bayan wannan ne ake taɓa moton kansa. A murza sandarsa da yatsu biyu. Ɗan riƙon da mayen ƙarfe ke yi daidai ne, amma in ana jin kamar yashi a ciki, ko sandar tana wasa gefe da gefe, boris ya tafi.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Moto mai waya biyu yana da kabon a ciki, kamar na injin markaɗe. A leƙa ta ramukan iska. In kabon ya gajarta, tagullar da yake gogawa ta yi baƙi ko ta yi kwari, yana tartsatsi, ko kuma sai an ɗan tura mota kafin ta tashi, to ya cinye. A haɗa shi kai tsaye da batir biyu na tocila, 3V ke nan. In ya juya lafiya lau, a koma a tuhumi ESC da wayoyinsa. Irin Mabuchi RS-540 mai naɗin kwayil 27 a rufe yake zuwa, ba a yi shi don a buɗe ba. A wanke shi da feshin wankin kayan lantarki, a ɗiga mai ɗigo ɗaya a bushin gaba da na baya, ban da kan tagulla. In bai farfaɗo ba a sauya.

Moto mai waya uku ba shi da kabon, kuma kada a kuskura a haɗa shi da batir kai tsaye. Na dirif galibi yana da wayar sensa, ’yar siririya mai zare shida da ke sanar da ESC inda sandar moto take a juyinta, kuma ita ce ta fi jawo wa moto sharri. In mota tana kakkarwa wajen tashi, ko tana fizga a ƙaramin gudu, a sauya wannan wayar tukuna. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Sai a cire wayoyi ukun a sa mitar gwajin lantarki tsakanin bakunan moto, A da B, B da C, A da C. Mitar kasuwa kusan sifili za ta nuna a duka ukun, domin wayar kwayil ɗin gajera ce mai kauri, don haka kada a nemi wani lissafi a wurinta. Abu biyu kawai take iya tonawa: in layi ɗaya ya tsinke, da in wuta tana ratsawa daga ɗaya daga cikin bakunan zuwa gwangwanin moto. Hanci ma mita ne, warin ƙonannen kwayil ba ya ɓuya. Akwai kuma lalacewar da ke ruɗa mutane: zafi ya raunana mayen ƙarfen da ke kan sanda. Irin wannan moto kukansa ya fi na da in an ɗaga mota sama, amma a ƙasa ba ya iya riƙe zamiya, kuma nan da nan ya ɗau zafi. Ana sayar da sandar da boris daban, ba sai an jefar da moto dungurungum ba.

In an tabbatar sai an sauya, a nemi lamba 540, mai sanda milimita 3.175, wanda ake ɗaurewa da sukuru M3 guda biyu. Masu dirif sun fi amfani da 10.5T ko 13.5T, T ɗin yawan naɗin kwayil ke nan. Ƙarancin naɗi yana ƙara gudu, yana kuma ƙara jan wuta, saboda haka a duba takardar ESC a ga iyakar da yake ɗauka. ESC na moto mai kabon ba ya juya mai waya uku, sai irin wanda aka ƙera don duka biyun.

A cire batir, a ɗauki hoton wayoyi kafin a taɓa komai. Wajen liƙi da dalma a sami ƙarfe mai wat 60 ko fiye, mai faɗin baki. Na masu gyaran wayar salula ba ya yi, domin kaurin wayar moto yana shanye zafinsa, dalmar ta fito dusu-dusu, daga baya ta saki. A shafa dalma a waya da bakin moto kowanne daban, sannan a haɗa su cikin ’yan daƙiƙu. A ta tafi A, B ta tafi B, C ta tafi C. In mota ta yi baya maimakon gaba, mai sensa a cikin saitin ESC ake gyara shi. Musanya waya biyu dabara ce ta marar sensa kaɗai. A kuma auna tsawon sukuru da abin da takardar sabon moto ta faɗa, don dogon sukuru yana shiga ya soki kwayil tun kafin moto ya yi juyi ɗaya.

Giya ita ce inda ake yawan kashe sabon moto. Yokomo da MST haƙoran fic 48 suke amfani da su, TT-02 kuwa modul 0.6, ma’aunan girman haƙoran giya ke nan; ido ba ya saurin bambancewa, amma ba sa zama tare. Ɗan sukurun giya ya sauka a kan shafaffen gefen sanda, a ɗaure da alanki milimita 1.5. A sa tsinken takardar littafi tsakanin giya biyun, a matse, a ɗaure moto, a zare takardar. Sai a juya babbar giya a duba wuri huɗu, domin ta roba ba ta cika da’ira sosai ba; ko’ina a ji ɗan motsi kaɗan. Matsewa tana ƙona moto, sakewa tana cinye haƙora. TT-02 ta hutar da mai ita, ramuka gare ta bisa yawan haƙoran giya, a bi lambar kawai.

A sake daidaita ESC da rimot, ƙafafu a sama. Mai kabon a bar shi ya juya ’yan mintuna a 3V ba kaya, kabon ya zauna. Sannan a yi zamiya minti 5 a tsaya a auna. Kada ya wuce digiri 70 na Salshiyos. In yatsa ba ya iya daƙiƙa uku a kan gwangwani, ya yi yawa. Motar dirif tayoyinta ke gudu, ita kanta tafiyarta kaɗan ce, iska ba ta isa moto, balle a zafin Afrilu. A rage haƙori ɗaya ko biyu a ƙaramar giya, a sassauta turbo, wato saitin ESC da ke ƙara wa moto gudu, a ɗaura fanka milimita 30. Da hunturu kuwa a hure ƙura bayan kowane wasa, musamman wajen boris na gaba.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Kano