A Fara Rainon Shugabannin Ma'aikatan Jinya Tun Suna Ƙananan Ma'aikata

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan uwana ma'aikatan jinya da ungozomomi na Jihar Gombe, musamman masu riƙe da ragamar ƙungiyarmu ta NANNM a jiha da rassa. Abin da ke damuna shi ne yadda muke samun shugabanni.

A aikinmu, daɗewa ce ke ba mutum shugabanci. Shekaru su taru, wata rana a miƙa maka makullin kabad ɗin magani da littafin jadawalin aiki, a ce daga yau kai ne incaji. Makaranta ta koya mana allura da ɗaurin ciwo da karɓar haihuwa, kuma ta koya da kyau. Amma raba dutin dare tsakanin ma'aikata ƙalilan ba tare da an zalunci kowa ba, da sasanta nas da likita idan rai ya ɓaci, da rubuta takardar neman kayan aiki mai hujjar da shugaban asibiti ba zai iya ture ta ba, da tsayawa gaban dangin mara lafiya da suka fusata cikin dare, duk wannan sai dai mutum ya koya da tuntuɓe. Na ga ma'aikata masu hannu mai kyau sun zama shugabannin da ƙananan ma'aikata ke gudu, ba don mugunta ba, sai don babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake jan mutane. Wakilin reshe ma haka ne. A zaɓe shi yau saboda yana da jama'a, gobe ya zauna da jami'an da suka goge wajen kasafin kuɗi da dokokin aikin gwamnati, shi kuwa gaskiya kaɗai ya riƙo.

A ƙarshen watan Yuli na 2025 ma'aikatan jinya sun shiga yajin aikin gargaɗi. Cikin buƙatunmu, ban da alawus-alawus, har da a kafa sashen ma'aikatan jinya na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Buƙata ce mai kyau, ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. To amma wa muka shirya wa irin waɗannan kujeru? A farkon 2024 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta ce sama da ma'aikata 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Waɗanda na sani a cikinsu matasa ne masu kaifin ƙwaƙwalwa, irin waɗanda da sun zauna, su za su gaji manyanmu. Albashi ne babban abin da ya kore su, babu musu, amma akwai wanda ya tafi ne don ya ga zai shekara ashirin kafin a nemi ra'ayinsa a kan komai.

Ba sabon abu nake nema ba. Majalisar ma'aikatan jinya ta duniya, ICN, wadda aka kafa a 1899, tana da shirin horar da shugabanni tun 1996, kuma tare da ƙungiyoyin ƙasashe take gudanar da shi. Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne ba a barin mutum da lacca kawai: zai zaɓi wata matsala ta wurin aikinsa ya yi ta fama da ita har ya ga canji. A 2020 kuma, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa ma'aikatan jinya da ungozomomi, an yi kira ga asibitoci su ba matasa 'yan shekara 35 zuwa ƙasa horon shugabanci.

Mu ma za mu iya daidai ƙarfinmu. Duk shekara uku muna sabunta lasisi, kuma dole ne mu halarci bitar ƙara sanin makamar aiki da ake kira MCPDP kafin nan, to ƙungiya ta nemi a ƙara wa darussan shugabanci nauyi a ciki. A kuma ware wani kaso sananne daga kuɗin ƙungiya da ake cira a albashinmu domin wannan horo, a riƙa karanta lissafinsa a taro kowa ya ji. Muna da matiron-matiron, wato manyan ma'aikatan jinya, da suka yi ritaya suna zaune a gida da ilimin da babu shi a littafi. A haɗa kowacce da matasa biyu ko uku na tsawon shekara guda, su riƙa kawo mata matsalolinsu na gaske.

Kada kuma a tattara komai a cikin garin Gombe. Ma'aikacin da ke karɓar waɗanda maciji ya sara a Kaltungo lokacin girbi, da ungozomar da ita kaɗai ce a ƙaramin asibiti a ƙauyukan Dukku ko Nafada, kullum suna yanke hukuncin da rai ya rataya a kansa, babu wani babba kusa da za su tambaya. Su suka fi kowa buƙatar horon, kuma su ne sanarwa ke isa gare su a makare. A kai musu Bajoga da Kumo da Billiri, da rana, a ranar da mai goyo da mai dutin dare za su iya zuwa. Taron da ake sawa bayan magariba ya riga ya cire mata da yawa tun kafin a fara, alhali su ne ƙashin bayan aikin.

Ina roƙon shugabannin reshen jiha su sa wannan batu a ajandar taronsu na gaba, domin idan ranar ma'aikatan jinya ta 12 ga Mayu ta zagayo a sanar da sunayen rukunin farko.

Wassalam.

Daga wata ma'aikaciyar jinya,
Gombe