Amsa ga Malamin da Ya Tambaye Ni Batun Ginin Harhaɗawa

Assalamu alaikum Malam,

A taron iyayen yara na makon jiya ka miƙe gaban jama'a ka ce mini: "Kai da ka tsufa cikin gini a Damagaram, wannan ginin da ake ƙera ɗakuna a masana'anta a ɗauko a mota a girke, zai fitar da yaranmu daga azuzuwan zana?" Magariba ta yi aka watse ban amsa ba. Ga amsata.

Zai iya, Malam, kuma abin ya daɗe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da bama-bamai suka raba jama'ar Ingila da muhallinsu, an girka irin waɗannan gidaje sama da 150,000 tsakanin 1945 da 1949. A lokacin na wucin gadi aka ɗauke su. Yau har benaye ake ɗorawa da su, ɗaki bisa ɗaki. A 2020, a birnin Wuhan na ƙasar Sin, an tada asibiti mai gado 1,000 cikin kusan kwana 10. Saurin daga nan yake zuwa: masu tushe na haƙa a fili, masu ƙera ɗaki na aiki cikin inuwa a lokaci guda, da tagogi da wayoyin wuta duk an sa kafin mota ta taso.

Na san abin da ya sa ka tambaya. A Afirilun 2021 gobara ta cinye yara 20 cikin azuzuwan zana a Yamai, a Nuwambar 2021 kuma aka rasa wasu sama da 20 a Maraɗi. Ƙaramar 'yata a irin wannan aji take zaune. Duk ranar da iskar hunturu ta taso, hankalina ba ya kwanciya sai ta dawo gida.

Amma kada a kawo mana kwantena a ce mana aji ne. Na taɓa aiki a wani wuri da ofishinsa kwantena ne. Wata rana da azahar cikin bazara wuta ta ɗauke, na dafa bangon da tafina, sai da na janye hannu da sauri. Ruwan gorata ya zama kamar na shayi. Yaro sittin a ciki fa? Ka kwatanta da zauren ƙasa a tsohuwar unguwar Birni, inda kana shiga zufa ke bushewa. Ga tsadar ɗauko kaya: daga Yamai kaɗai kusan kilomita 900 ne, kowane ɗaki da tirelarsa.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne dabarar awo ɗaya. Masu waldarmu su ƙera ginshiƙai da ƙarafan rufi da ƙofofi a nan garin, duk girma ɗaya, a kai ƙauye a ɗaure. Maginanmu su cike bango da tubalin ƙasa mai kauri. A ɗaga kwano sama, a bar rata tsakaninsa da silin iska ta ratsa. Baɗi in yara sun ƙaru, a jingina wani aji a gefe.

Ka tara mini iyaye biyar da mai walda ɗaya ranar Asabar bayan la'asar. Zan zo da igiyar awo mu auna filin makarantar.

Naka,
Magini daga unguwar Zango